Taron da Ba Shi da Jagora: Tambayoyi da Amsoshi kan Fara, Tururuwa da Gungun Na'urori Masu Sarrafa Kansu

Duk wanda ya taɓa tsaron gonar shinkafa a fadamar Hadeja ko ta Argungu ya san jan-baki. Da sassafe za ka hango su can nesa kamar hayaƙi, su karkata gabas gaba ɗaya, su dunƙule, su baje, sannan su sauka kan gona kamar an shimfiɗa bargo. Manomi da takaici yake kallonsu, kuma yana da gaskiya. Su kuwa injiniyoyi sun shafe fiye da shekara 30 suna kallon irin wannan taro da kwaɗayi, suna neman yadda za su sa na'urori ɗari ko dubu su yi aiki tare haka, ba tare da wani ya riƙe musu linzami ba. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi kan wannan batu.

Me ake nufi da gungu a nan? Ai duk inda abubuwa suka taru, taro ne.

Taro suna ya tara. Garken shanun da makiyayi ke gaba da sandarsa yana da jagora. Sojoji a fagen fareti murya ɗaya suke saurare. Gungun da muke nufi daban yake: suna da yawa, babu mai ba su umarni daga ciki ko daga waje, kuma kowane ɗaya ba ya ganin komai sai maƙwabtansa na kusa da ɗan wurin da yake. Amma idan ka ja da baya ka dubi taron duka, sai ka ga tsari kamar wani ne ya zana shi. Bahaushe ya daɗe da lura da haka, shi ya sa idan jama'a suka yi ta kwarara zuwa wuri guda ba wanda ya kira su, yakan ce sun yi tururuwa. A fagen kimiyya, Gerardo Beni da Jing Wang ne suka raɗa wa abin suna a 1989, sunan da za mu iya fassarawa da basirar gungu, kuma tun a lokacin na'urori suke magana a kai.

To sarauniya fa? Ba ita ke mulkin amya ba?

Sunan ne ke ruɗar mutane. Aikin sarauniyar ƙudan zuma saka ƙwai ne, ba ta yanke shawarar komai. Hujja mafi kyau ita ce ranar da amya ta cika ta tumbatsa, tsohuwar sarauniya ta fice da ƙudaje wajen 10,000, suka je suka rataya a reshen itace dunƙule guda, ba su da gida. Kwana kaɗan suke da shi kafin zumar da suka cika ciki da ita ta ƙare. Wa zai zaɓi sabon gida?

Martin Lindauer, ɗalibin Karl von Frisch wanda ya gano ma'anar rawar ƙudan zuma har ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya fara bin diddigin wannan a birnin Munik na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. Ya lura wasu daga cikin masu rawa a jikin dunƙulen sun dawo da baƙin hayaƙi ko ƙurar bulo a jikinsu. Ashe daga kufan gidajen da bam ya rusa suke, neman kogo suka je, ba fure ba. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ci gaba da aikin a tsibirin Appledore da ke gaɓar jihar Maine ta Amurka, inda babu manyan itatuwa masu kogo, don haka shi ke ajiye akwatunan da za su zaɓa.

Abin da ya gano shi ne, 'yan leƙen asiri 'yan ɗaruruwa ne ke fita. Wadda ta samo wuri sai ta dawo ta yi rawa mai nuna inda wurin yake. Idan wurin mai kyau ne, misali kogo mai faɗin lita 40 da ƙaramar ƙofa, sai ta daɗe tana rawa. Idan ba wani na kirki ba ne, rawarta gajeriya ce. Wadda ta ga rawar ba ta yarda kai tsaye, sai ta je ta gani da idonta. Abin da ya fi burge ni a lamarin shi ne kowace 'yar leƙen asiri, komai kyan wurin da ta samo, rawarta raguwa take yi a kowace dawowa har ta daina. Babu mai kafewa kan ra'ayinta har abada. Da haka wuri mai kyau ke ta samun sababbin magoya baya, maras kyau kuwa ya mutu don kansa. Da zarar 'yan leƙen asiri 20 zuwa 30 sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci guda, magana ta ƙare: sai su koma su zaburar da sauran su ɗumama jiki, gungun ya tashi. Sarauniya bi take yi kamar kowa.

Ta yaya tsuntsaye dubbai ke juyawa tare ba sa karo?

A 1986 wani mai zane da kwamfuta ɗan Amurka, Craig Reynolds, ya so ya nuna garken tsuntsaye a allo ba tare da ya zana hanyar kowane ɗaya ba. Sai ya ba kowane tsuntsun kwamfuta doka uku: kada ka matsi na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kada ka yi nisa da su. Shi ke nan. Da ya sake su, suka yi shawagi kamar masu rai, har suna rabuwa idan sun tarar da ginshiƙi su sake haɗewa a bayansa. Ya gabatar da aikin a 1987, kuma har yau kusan duk mai koyon wannan fanni da shi yake farawa.

Sai dai kama da gaskiya a allo ba ya nufin haka tsuntsu ke yi. Masana kimiyyar fiziks a birnin Rum, cikinsu har da Andrea Cavagna da Irene Giardina da Giorgio Parisi, suka kafa kyamarori a saman wani gidan tarihi kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda wasu 'yan baƙaƙen tsuntsaye da ake kira sitalin ke cincirindo da yamma a lokacin sanyi. Suka auna matsayin kowane tsuntsu a sararin sama. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna kowane tsuntsu maƙwabta 6 ko 7 yake lura da su, ko suna dab da shi ko sun ɗan yi nisa. Ƙidaya yake yi, ba awon tazara ba. Amfanin haka a bayyane yake: idan shaho ya kutsa ya tarwatsa su, tazara ta ƙaru, amma kowa na riƙe da bakwai ɗinsa, don haka taron ba ya tsinkewa. Daga baya suka auna yadda juyawa ke yaɗuwa: 'yan kaɗan ne ke fara karkata, labarin ya ratsa taron da gudun mita 20 zuwa 40 cikin daƙiƙa ɗaya.

Jan-baki na da tasu dabarar idan suna kiwo a ƙasa. Na baya, da suka tarar an cinye gabansu, sai su tashi su tsallake na gaba su sauka, na bayansu su ma su yi haka, taron ya riƙa mirginawa a kan fili kamar ana naɗe tabarma. Babu wanda ya tsara layi. Yunwa ce da ganin inda saura suka sauka.

Me ke sa fara ta zama annoba, alhali kullum muna ganinta ɗaiɗai a daji?

Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana. Har zuwa 1921 ana ɗaukar farar da ke zaune ita kaɗai da wadda ke tafiya cikin runduna a matsayin halittu biyu daban, domin launinsu da halinsu ba ɗaya ba. Boris Uvarov ne ya nuna abu ɗaya ne mai fuska biyu.

Farar ɗango idan tana ita kaɗai gudun 'yan'uwanta take yi, 'ya'yanta korra ne masu ɓuya cikin ciyawa. Idan aka yi ruwa mai kyau a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa, dole su matsu a 'yan wuraren da suka rage kore. Nan ake gogar juna. Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun bi jikin fara sashe-sashe suna shafawa da ɗan burushi, suka gano cinyar ƙafar baya ce mabuɗi: idan ana yawan taɓa ta, cikin sa'o'i biyu ko makamancin haka farar da ke gudun taro za ta koma neman taro. A 2009 aka nuna sinadarin serotonin ne ke ƙaruwa a jijiyoyinta ya kawo wannan sauyi. Launi yakan biyo baya: 'ya'yan su zama ruwan ɗorawa da baƙi, manyan su yi ja-ja kafin su balaga su koma ruwan ɗorawa. Akwai kuma abin da ke tura 'ya'yan gaba idan suna tafiya a ƙasa: cin juna suke yi. Wadda ta tsaya, ta baya za ta gatsa mata cizo.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gungu mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya na ɗauke da fari miliyan 40 zuwa 80, kuma ko mai miliyan 40 ɗin yana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Suna iya tafiyar kilomita 150 a rana idan iska ta ba su baya. Mutanen Nijar ba sa buƙatar a ba su labari: farin 2004 da ya ratso Muritaniya da Mali da Senegal, haɗe da ƙarancin ruwan sama, shi ya share fagen yunwar 2005. A 2020 kuma Kenya ta ga irin wanda ba ta gani ba cikin shekara 70.

Darasin da injiniya ke ɗauka daga nan babba ne. Ba a sauya farar ba, yawanta a wuri ɗaya ne ya haye wani mizani, sai halin taron duka ya juye. Na'urori 10 da ke aiki lafiya ba tabbas ba ne 1,000 za su yi haka.

Tururuwa ba ta da taswira. Ta yaya take gano hanya mafi kusa?

A ƙarshen shekarun 1980, Jean-Louis Deneubourg da abokansa a wata jami'a ta birnin Birasels sun haɗa gidan tururuwa da abinci da gada mai rassa biyu, ɗaya gajere, ɗaya ya ninka shi tsawo. Da farko suka rarrabu, wasu nan wasu can. Ba a jima ba kusan duka suka koma gajeren. Babu wadda ta auna. Kowace tururuwa tana barin wani sinadari mai wari a sawunta, kuma ta fi son bin inda warin ya fi ƙarfi. Waɗanda suka bi gajeren reshe sun riga dawowa, sawunsu ya riga ninkuwa, sai ya jawo wasu, su ma suka ƙara. Hanyar ce ke riƙe da labarin, ba kan tururuwa ba.

Gara ma haka take gina suri. Bafaranshe Pierre-Paul Grassé ya bayyana a 1959 cewa ba magana suke yi da juna kan gini ba. Aikin da aka riga aka yi ne ke gaya wa mai zuwa inda za ta ɗora nata ɗan laka. Kamar a ce magina ba su da shugaba, ba su da zane, kowa ya zo sai ya dubi bango ya san inda tubali na gaba zai zauna. Marco Dorigo ya mayar da dabarar tururuwa lissafin kwamfuta a digirinsa na uku a birnin Milan a 1992, kuma an yi amfani da ita wajen tsara hanyoyin motocin rarraba kaya da na saƙonni a layukan sadarwa.

Gungu ba ya kuskure ke nan?

Yana yi, kuma kuskurensa mai ban tausayi ne, domin babu wanda zai ce a tsaya. A gwajin gadar nan, idan aka fara ba tururuwa dogon reshe shi kaɗai, sai daga baya aka buɗe gajeren, sau da yawa ba sa komawa. Tsohon sawu ya yi ƙarfi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wasu tururuwan yaƙi na Kudancin Amurka, masu hali irin na kwarkwasarmu, kusan makafi ne, sawun na gaba kawai suke bi. Idan layi ya lanƙwashe har kansa ya haɗu da wutsiyarsa, sai su shiga zagaye. William Beebe ya ba da labarin wanda ya gani a dajin Guyana a 1921: da'ira mai kewayen kusan mita 370, kowace tururuwa tana ɗaukar sa'a biyu da rabi kafin ta zagayo, suna ta yi har yawancinsu suka mutu. Kowace ɗaya tana bin doka daidai. Dokar da ke kai su ga abinci kullum ita ce ta kashe su ranar nan.

Mutane ma suna yin haka?

Fiye da yadda muke so mu yarda. Jens Krause da John Dyer sun tara mutum 200 a wani babban zaure a birnin Kolon na Jamus, aka ce su yi ta tafiya ba magana, kada su rabu da juna. Mutum 10 kawai aka faɗa wa inda za su nufa a asirce. Taron duka ya bi su, mafi yawa ba su ma san bin wani suke yi ba. Wanda ya taɓa shiga cunkoson jifan Shaiɗan a Mina ya san ɗaya fuskar: idan matsi ya kai wani mataki, ƙafarka ba taka ba ce. Bayan turmutsutsun Janairun 2006, masana irin su Dirk Helbing sun nazarci hotunan bidiyon wurin, kuma sabon ginin Jamrat mai hawa-hawa da hanyar shiga daban ta fita daban ya yi la'akari da irin wannan ilimi.

Me ya sa injiniya zai so ƙananan na'urori da yawa maimakon babba ɗaya mai ƙarfi?

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba yawan kaɗai ba ne. Babban mutum-mutumi ɗaya idan ya lalace, aiki ya tsaya. Rundunar da kwamfuta ɗaya ke juyawa, idan kwamfutar ta mutu ko sadarwa ta yanke, duk sun zama gumaka. Gungu na gaskiya ba shi da kan da za a sare: ka taka tururuwa 50, layi bai san an yi ba. Sannan tunda kowace na'ura da maƙwabtanta kawai take hulɗa, ƙa'idar da ke tafiyar da 20 ita ce za ta tafiyar da 2,000, ba sai an nemo kwamfuta mafi girma ba. Wuraren da wannan ke da daraja su ne inda sadarwa ba ta kai wa: ƙarƙashin ginin da ya rufta, cikin ramin haƙar ma'adinai, ƙasan teku, sararin samaniya.

An taɓa gina irin wannan da gaske, ko duk a kwamfuta ne?

An gina. Wanda ya fi shahara shi ne na Jami'ar Harvard a 2014, inda Michael Rubenstein da Alejandro Cornejo da Radhika Nagpal suka jera 'yan na'urori 1,024 da suka kira Kilobot a kan wani faffaɗan tebur. Kowace faɗinta bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba, kayan haɗa ta kusan dala 14. Ba ta da taya, ƙafafu uku ne siriri kamar tsinke, tana tafiya ne da karkarwa irin ta wayar hannu. Tana magana da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, wanda bai wuce santimita 10 ba.

Aka ba kowace hoton siffar da ake so, tauraro ko harafin K, aka ajiye guda huɗu a matsayin tushe. Tushen ya ce ni ne sifili, na kusa da shi ya ce ni ne ɗaya, na gaba biyu, har kowa ya san nisansa da tushe. Daga nan na bakin taro suka fara bin gefe ɗaya bayan ɗaya, kowace tana lissafin inda take daga tazararta da waɗanda suka riga suka tsaya, har ta shiga cikin siffar ta samu gurbi. Aikin ya ɗauki kimanin sa'a 12. Akwai waɗanda suka ɓata hanya, akwai waɗanda suka tare wa wasu, gefen tauraron ma bai miƙe sosai ba. Amma tauraro ya fito, kuma babu na'ura ɗaya cikinsu da ta taɓa hango taron duka.

A shekarar dai, Justin Werfel da Kirstin Petersen tare da Nagpal sun nuna na'urorin TERMES masu kwaikwayon gara: suna ɗaukar tubali, su hau ginin da suke yi, su ajiye inda ginin ya nuna akwai gurbi. Burinsu shi ne wata rana irinsu su jera buhunan yashi a bakin kogi lokacin ambaliya. A Turai, aikin Swarmanoid da Dorigo ya jagoranta daga 2006 zuwa 2010 ya haɗa iri uku, masu tashi su leƙa, masu taya su ɗauka, masu hannu su hau, suka haɗa kai suka ɗauko littafi daga kan kanta.

A sama kuwa, Gábor Vásárhelyi da Tamás Vicsek na birnin Budafes a Hungari sun tashi jirage marasa matuƙa 30 a 2018 a fili, kowane yana yanke shawararsa. Sun sha wahala kafin su kai ga haka, domin dokokin Reynolds a allo ba su san iska ba, ba su san saƙo kan makara ba, ba su san jirgi ba ya tsayawa cak idan ya ja birki ba. A 2022 ƙungiyar Fei Gao ta Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin ta saki jirage 10 masu girman tafin hannu cikin kurmin gora, ba GPS, kowane da kyamararsa da 'yar kwamfutarsa, suka ratsa. A ruwa akwai na'urori bakwai masu siffar kifi na Harvard na 2021, masu gane juna da shuɗin haske. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma ta harba ƙananan taurarin ɗan'adam huɗu a Yulin 2023, a shirin da ta kira Starling, don gwada yadda za su daidaita aiki tsakaninsu ba tare da jiran umarni daga ƙasa ba.

Jiragen nan masu fitilu da ke zana hotuna a sama lokacin bukukuwa, su ma gungu ne?

A'a, ko da yake kowa haka yake kiransu. Jirage 1,824 da suka zana duniya a bukin buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, an riga an rubuta wa kowane hanyarsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, kwamfuta a ƙasa ke lura da su. Fareti ne mai kyau. Haka na'urorin da ke ɗaukar kantoci a rumbunan Amazon, waɗanda suka samo asali daga kamfanin Kiva da ta saya a 2012 kan dala miliyan 775: uwar kwamfuta ce ke raba musu aiki da hanya. Jiragen Zipline masu kai jini da magani a Ghana tun 2019 da Kaduna tun 2022 kowane tafiyarsa yake yi a hanyar da aka tsara. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe kwamfutar tsakiya, a ga ko aiki zai ci gaba.

In haka ne, me ya hana mu gan su a gonaki da wuraren ceto?

Matsala ta farko ta tunani ce. Idan an ba ka dokoki, kana iya sakin na'urori ka ga abin da zai fito. Amma idan aka ce ga abin da ake so ya fito, nemo dokokin, babu tabbatacciyar hanya. Tururuwa ta samu nata dokokin cikin miliyoyin shekaru, injiniya kuwa gwaji yake ta yi a kwamfuta, kuma abin da ya yi kyau a can yakan watse idan ya haɗu da ƙura da iska da rana. Ga kuma tambayar da duk mai sayen kaya zai yi: ka tabbatar mini ba za su taɓa shiga da'irar kwarkwasa ba? Amsar gaskiya tana da wuya.

Ta biyu ta jiki ce. Batir ne babban ciwon kai. Ƙaramin jirgi mai farfela huɗu mintoci yake yi a sama, fara kuwa wuni take yi tana tafiya da ganyen da ta ci. Mutum-mutumin ƙudan zuma na Harvard, RoboBee, wanda bai kai nauyin kashi ɗaya cikin goma na giram ba, ya tashi a 2013 amma da siririyar waya a jikinsa tana ba shi wuta. Sannan yawa na da iyaka: idan na'urori suka cika wuri, sai su koma kauce wa juna maimakon aiki, saƙonninsu na rediyo su riƙa danne juna. Kuma wa zai yi cajin na'ura 500, ya goge musu ƙura, ya nemo wadda ta faɗa rami?

Gaskiya ne sojoji sun fi kowa zuba kuɗi a wannan fanni? Ya kamata mu damu?

Suna cikin na gaba-gaba, kuma ni dai na damu. A Oktoban 2016, a sansanin China Lake na Kaliforniya, jiragen yaƙin Amurka uku samfurin F/A-18 sun saki ƙananan jirage 103 da ake kira Perdix, waɗanda suka daidaita tafiyarsu a tsakaninsu. Abin da ya sa gungu ya dace da aikin ceto shi ne ya sa ya dace da yaƙi: yana da arha, kuma harbo guda 10 ba ya tsayar da sauran.

Mu a nan mun san abin da kuskure daga sama ke nufi. A daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, aka rasa aƙalla rai 85, rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa kuskure ne. Wannan jirgin mutane ke sarrafa shi, shi ya sa akwai wanda za a tambaya, akwai wanda zai je ta'aziyya, akwai wanda za a ce ya biya diyya. A gungun da ke zaɓar abin hari da kansa, hukuncin ba ya cikin na'ura ɗaya, daga cuɗanyarsu yake fitowa, kuma ko wanda ya rubuta dokokin ba lallai ya iya faɗin dalilin da ya sa suka karkata ga wannan gida suka bar wancan ba. A Oktoban 2023 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres da shugabar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya Mirjana Spoljaric sun yi kira da a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe kan makamai masu sarrafa kansu kafin ƙarshen 2026. A Disamban shekarar, ƙasashe 152 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan batun. Ƙasashen Afirka na da dalilin da za su ɗaga murya a wannan zaure fiye da kowa.

Za a iya tura gungun na'urori su yaƙi jan-baki da fara?

Kan jan-baki ba na sa rai da yawa nan kusa. An ƙiyasta yawansu ya kai biliyan ɗaya da rabi a Afirka, kowane yana cin hatsi wajen giram 10 a yini. Jirgin da ya kore su daga gonarka gonar maƙwabcinka ya tura su, kuma tsuntsu ba ya daɗewa bai gane abin da ba ya cizo ba, kamar yadda ya gane mutum-mutumin tsumma da gwangwani.

Fara ce ke da lagon da za a kama. Tunda sai ta matsu take juyewa, lokacin cin ƙarfinta shi ne kafin ta yi fiffike, tana 'yan ƙungiyoyi a wuraren da ta hayayyafa. A Nijar wuraren nan sanannu ne: filayen Tamesna da kwarurukan duwatsun Azbin. Feshi kaɗan a can ya fi tankokin magani a kan gonakin gero daga baya, balle ga mu masu cin soyayyar fara, da bai kamata a kawo mana wadda aka fesa wa guba kasuwa ba. Akwai ma maganin da aka yi da wani naman gwari mai suna Metarhizium, wanda aka gwada a Nijar, yana kashe fara ya bar tsuntsaye da dabbobi. Wahalar ita ce gano wurin. Ƙasa ce mai faɗin gaske, ba hanya, ba sabis ɗin waya, wani sashen kuma rashin tsaro ya hana shiga. Hoton tauraron ɗan'adam na nuna inda ya yi kore, amma ba ya nuna ko akwai fara a ciki. Wannan aiki, na bazuwa a faffaɗan wuri ba sadarwa, wanda ya ga alama ya kira na kusa da shi su duba tare, shi ne ainihin abin da gungu ya iya. An fara gwada jirage marasa matuƙa ɗaiɗai wajen wannan bincike. Kafin a kai ga gungu, aikin na hannun ma'aikatan cibiyar yaƙi da fara ta Nijar, waɗanda ke fita da motoci daga Agadas tsakanin Yuli da Oktoba, suna tsayawa a kowane kwari mai ciyawa, su taka da ƙafa suna ƙirga farin da suka tashi a gabansu, suna kuma tambayar makiyaya inda aka yi ruwa.